ƊAKIN DA TOBIYA YA CIKA: Darasi a Kan Tarkacen Gida

Karatu: Nehemiya 13:4-13, Fitowa 16:16-21, 32-34, Matta 12:43-45
Ayar haddacewa: Luka 12:15

Gabatarwa

'Yan'uwa, kafin mu buɗe Littafi, bari kowa ya koma gida cikin zuciyarsa, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadonsa. Me ya gani? Wani zai ga takalmi ƙafa ɗaya, da rediyon da ya daina magana tun bara waccan, da fitilar da ba ta da kwalba, da buhun da ba wanda ya tuna abin da ke ciki. Bayan ƙofa ga ledoji an cusa cikin leda, ga matattun wayoyin hannu da igiyoyin cajinsu a sarƙe. A kan kabad ga kofuna da bokitan roba da a ke rabawa wurin biki, waɗanda ba a taɓa zuba musu ruwa ba. A bayan ɗaki kuwa ga tsohuwar taya, da gwangwanaye, da keke marar ƙafa. Ba wanda ya tashi da niyyar tara waɗannan abubuwa. Ɗaya ɗaya suka shigo, ba kuwa wanda ya fita.

Watakila wani zai ce, "Ina ruwan Maganar Allah da shara?" To, yau za mu karanta labarin wani bawan Allah wanda ya tarar da ɗaki cike da kayan da ba su kamata ba, mu ga abin da ya yi. Za mu koyi cewa fid da tarkace rabin aiki ne. Ɗakin da aka kwashe ba ya daɗewa wofi. In ba mu ba shi aiki ba, abin da muka kora zai komo.

1. Yadda Tobiya ya sami ɗaki

Nehemiya mai shayarwa ne a fadar Artashate, sarkin Farisa. Cikin shekara ta 20 ta sarautar sarkin, watau wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, ya sami izini ya tafi Urushalima, aka kuwa gama ginin garun birnin cikin kwana 52. Cikin waɗanda suka yi gāba da wannan aiki akwai Tobiya Ba'ammone, wanda ya yi wa magina ba'a cewa ko ɗan ƙaramin naman daji ya hau garunsu zai rushe shi. Amma Tobiya yana da surukai cikin manyan Yahuda, suna aika masa da wasiƙu, suna yabonsa a gaban Nehemiya (6:17-19).

Cikin shekara ta 32 ta sarautar Artashate Nehemiya ya koma wurin sarki. A bayansa sai Eliyashib firist, wanda ɗakunan ajiya na Haikali ke hannunsa, ya kwashe wani babban ɗaki ya ba Tobiya, gama akwai dangantaka tsakaninsu. A dā cikin wannan ɗaki a ke ajiye hadaya ta gari, da lubban, da kayan aikin Haikali, da zakar hatsi da ta ruwan inabi da ta mai, watau abincin Lawiyawa da mawaƙa da masu tsaron ƙofa.

Mu lura da kyau. Littafi bai ce kayan Tobiya ruɓaɓɓu ne ba. Kayan gida ne na babban mutum, mai yiwuwa ma masu tsada. Laifinsu shi ne sun zauna a wurin da ba nasu ba, sun tare wurin abin da ya fi su. Wannan ita ce ma'anar tarkace cikin darasin nan: dukan abin da ya ci wuri a gidanmu ba ya yi wa kowa aiki, ko tsoho ne ko sabo, ko na naira goma ne ko na dubu ɗari.

Mu lura kuma Tobiya bai fasa ƙofa ba, buɗe masa aka yi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Haka tarkace ke shiga gidajenmu, ta ƙofar kunya da ta kwaɗayi da ta tsoro. Muna jin kunyar rabuwa da kyautar da suruka ta kawo ko da ba mu da abin yi da ita. Mukan sayi abu don mun same shi da araha wurin gwanjo, ko don maƙwabciya ta jera irinsa a ɗakinta. Mukan riƙe abu kuma don tsoron wata rana za mu nema mu rasa.

2. Hasarar da ba a gani

Da Nehemiya ya komo, ya tarar ba a ba Lawiyawa rabonsu ba, har su da mawaƙa kowa ya koma gonarsa don ya sami abin ci. Ɗakin zaka na hannun baƙo, masu hidima sun watse, gidan Allah ya zama yasasshe, alhali kuwa ba da daɗewa ba jama'a suka ɗaure alkawari ba za su yi sakaci da shi ba (10:39).

Mukan ce tarkace ba ya cin tuwo, a bar shi. Ashe yana ci. Da fari yana cin wuri. Iyalai da yawa cikinmu suna zaune a ɗaki ɗaya ko biyu na haya a gari, suna biyan kuɗi kowace shekara, amma kwata ko rabin ɗakin akwatuna ne ke kwana a ciki, yara kuwa suna matse a tabarma ɗaya. Mai bishara ya zo, ko ɗan'uwan da tashin hankali ya koro daga ƙauyensu, sai mu ce ba wuri. Wuri na nan, Tobiya ne a ciki.

Yana cin lokaci da salama kuma. Safiyar Lahadi nawa aka yi cacar baki tsakanin maigida da uwargida a kan neman mabuɗi, ko katin asibitin yaro, ko Littafi Mai Tsarki kansa, har aka iso majami'a a makare, rai a ɓace?

Yana cin lafiya. Ruwan da ya kwanta cikin gwangwani ko tsohuwar taya da damina, cikin mako ɗaya ko kwana goma ya isa ya ƙyanƙyashe sauro. Tulin tsummoki da kwalaye shi ne gidan kunama da kyankyaso da ɓera. Ɓera kuwa ba ɓarnar hatsi kaɗai ya ke yi ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 bayan wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ta kamu da shi a garin Lassa, kudancin Jihar Borno ta yau, ta fitsari da kashin wani irin ɓera ya ke kama mutum, sa'ad da suka taɓa abinci ko kwanuka. Ya fi yawa kuwa da rani. Da hunturu ma, in komai ya bushe, ɗakin da ke cike da takardu da katifun soso da jarkar fetur, tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Hasara mafi girma ita ce ta maƙwabci. Rigar sanyin da ta yi wa ɗanmu kaɗan tana cikin adaka, asu yana cinta, ga maraya a layinmu yana rawar ɗari. Yohanna Mai Baftisma ya umarci mai riga biyu ya raba da marar ko ɗaya (Luka 3:11). Yaƙub kuma ya faɗakar da mawadata cewa tufafin da asu ya ci da ƙarfen da ya yi tsatsa za su tsaya shaida a kansu (Yaƙub 5:2-3). Ba sai mutum ya yi dukiya mai yawa wannan magana za ta same shi ba.

3. "Ajiya maganin wata rana"

Lalle wani dattijo zai ɗaga hannu ya kawo mana wannan karin magana, kuma yana da gaskiya. Yawancinmu mun san rashi. Wanda ya taɓa neman kwalbar zuba mai ya rasa, ba zai ga kwalba ya yar ba. Kada kowa ya fita daga nan ya rena mahaifiyarsa don tana wanke leda tana shanyawa. Littafi ma bai yabi almubazzaranci ba. Yusufu ya tara hatsin shekara bakwai a Masar, Ubangijinmu kuma da ya ciyar da mutum 5,000 ya sa a tattara gutsattsarin da suka rage, har kwando 12, don kada kome ya lalace (Yohanna 6:12-13).

Amma mu dubi bambanci. Yusufu ya san abin da ya ajiye, da wanda ya ajiye wa, da ranar buɗewa, da yunwa ta zo kuwa ya buɗe rumbunan. Mawadacin nan na Luka 12 shi ma ya yi shirin rushe rumbunansa ya gina manya, amma don kansa kaɗai, a daren nan kuwa aka biɗi ransa.

A jeji Allah ya koya wa Isra'ila wannan darasi da manna. Kowane mutum awo ɗaya a rana, abin da a ke kira omer, kamar lita biyu. Waɗanda suka ƙi jin Musa suka ɓoye saura, da gari ya waye suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Amma ninki biyun da aka tara a rana ta shida sabo da Asabar bai lalace ba, gama ajiya ce mai dalili. Sabo da haka kafin mu mai da wani abu ƙarƙashin gado, mu tambayi kanmu abu uku. Wa zai yi aiki da shi? Yaushe? Zai kai wannan rana da kyaunsa? In damina da rani sun zagayo sau biyu ba wanda ya taɓa shi, ba mu kuma iya faɗin ranarsa ba, to, ba ajiya ba ce, mannar jiya ce.

4. Abu huɗu da Nehemiya ya yi

Na fari, ya fitar. Ya ji haushi ƙwarai, ya watsar da kayan Tobiya duka waje. Bai matsar da su kusurwa ba, bai kuwa gina musu rumfa ba. Mu kuma kada mu ruɗi kanmu da sayen sabon akwati ko ƙarin kanta; wannan gina manyan rumbuna ne. Sai a zaɓi wuri ɗaya, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da kome a gani da hasken rana, sa'an nan a kasa kashi huɗu: abin da mu ke aiki da shi, abin bayarwa, abin sayarwa, da abin zubarwa. Ƙarfe da tsofaffin tukwane da robobi 'yan gwangwan za su saya. Zannuwa da kwanuka masu kyau dillaliya za ta karɓa. Abin gyara a ba shi wata ɗaya; in bai je wurin mai gyara ba, ya bi 'yan'uwansa. Abin bayarwa kuwa a wanke shi, a ɗinke, a ba da shi da mutunci, gama tsumma ba kyauta ba ce.

Kada a ce sai an gama rana ɗaya. A zamanin sarki Hezekiya firistoci da Lawiyawa kwana 16 suka yi suna tsarkake Haikali. Firistoci suna fito da ƙazanta zuwa farfajiya, Lawiyawa suna kwashewa har rafin Kidron, bayan gari (2 Labarbaru 29:16-17). Sannu ba ta hana zuwa. Amma mu koyi wannan daga gare su: abin da aka fitar ya bar gidan. Buhun bayarwa da ya kwana uku a zaure, yara za su kwance shi, ya koma inda ya fito.

Na biyu, ya tsarkake. A share, a kakkaɓe yana, a toshe ramin ɓera da siminti ko laka da fasasshiyar kwalba. Hatsi da gari a zuba cikin abin da ke da murfi. Akwai abubuwan da ba a bayarwa, ba a kuma barinsu kusa da yara: maganin da kwanansa ya wuce, tsohon batir, da jarkar maganin feshi, wadda ba ta kamata a zuba ruwan sha ko man girki a cikinta ba kome wankin da aka yi mata. Kada kuma a ƙone roba da leda a tsakar gida, hayaƙinsu yana cutar ƙirji.

Na uku, ya mayar da abin da ya kamata. Nehemiya bai kulle ɗakin wofi ya tafi ba. Nan da nan ya komo da kayan Haikali da hadaya da lubban. A nan yawancinmu mu ke fāɗuwa. Ubangiji ya ba da misalin ƙazamin ruhu da ya fita daga mutum, ya yi ta yawo, ya komo ya tarar da gidan a share, a gyare, amma ba kowa. Sai ya kirawo bakwai da suka fi shi mugunta, ƙarshen ya fi farkon muni. Mun sani a kan zuciyar mutum da mutanen zamaninsa ya yi wannan magana, ba a kan tsintsiya ba. Duk da haka ya ɗauko misalin daga abin da kowace mace ta sani, watau wurin da ba shi da mai shi, kowa ya ga dama sai ya ajiye nasa. Sabo da haka a ba wurin suna tun ranar da aka share shi. Kusurwar nan ta addu'ar iyali ce. Teburin nan na karatun yara ne. Gadon nan na baƙo ne. Matar nan ta Shunem da ta shirya wa Elisha ɗaki, abu huɗu ta sa a ciki: gado, da tebur, da kujera, da fitila (2 Sarakuna 4:10). Sun kuwa ishi annabi.

Na huɗu, ya sa masu tsaro. Ya naɗa mutum huɗu da aka san su da aminci, Shelemiya firist, da Zadok magatakarda, da Fedaiya Balawe, da Hanan mai taimakonsu, aikinsu kuwa shi ne su rarraba wa 'yan'uwansu. Ɗakin ajiyar Allah ƙofa biyu gare shi, ta shiga da ta fita. Gidan da ke da ƙofar shiga kaɗai, kome girmansa sai ya cika.

5. Tsaron ƙofa

Ga waɗansu ka'idodi da iyali za su iya ɗaurawa tare. In sabon zane ko takalmi ya shigo, tsoho ɗaya ya fita a makon nan. Kowane abu ya sami mazauninsa, a kuma mai da shi can kafin a kwanta. Yaro ɗan shekara huɗu ma ya iya wannan. Abin da ba mu yi niyyar saya ba tun daga gida, a bar shi ya kwana a kasuwa, in gobe muna bukatarsa yana nan. Sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan kaka, a sāke fito da kaya a duba, kamar yadda Isra'ilawa su kan kawar da yisti daga gidajensu kowace shekara kafin Idin Ƙetarewa (Fitowa 12:15).

Ikilisiya ma tana da nata rabo. Mu ne mu ke yanka anko ga kowane biki da kowace jana'iza, zanen da za a ɗaura sau ɗaya a ninke. Mu ne mu ke auna darajar amarya da yawan jerenta, har iyaye su ci bashi don kwanukan da ba za a taɓa cin tuwo a cikinsu ba. Ya kamata dattawa da zumuntar mata su zauna su yi shawara a kan wannan. Su leƙa ɗakin ajiyar majami'a kuma, inda karyayyun bencina da fasassun ganguna su ke, gama labarin Nehemiya a gidan Allah ya faru.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, kowa ya fara da nasa. Kada maigida ya koma gida yau da zafin Nehemiya ya taɓa kayan ɗakin matarsa, alhali tsofaffin tayoyinsa da injin da ya mutu suna tare rabin tsakar gida. Nehemiya gwamna ne, yana da iko a kan ɗakin nan. Kwanukan da uwa ta saya wa 'yarta ba na miji ba ne. A yi shawara cikin ƙauna, a kama aikin tare, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, a yi hankali da masu makoki. Gwauruwar da ta riƙe rigunan mijinta ba kwaɗayi ke damunta ba, kada kowa ya gaggauta ta, kada kuma dangi su fake da wannan darasi su kwashe abin da ke nata da na 'ya'yanta. Amma in lokaci ya yi, ga ta'aziyya daga Fitowa 16. Shekara 40 Isra'ila suka ci manna, Allah kuwa bai ce su cika rumbu da ita don tunawa ba. Tulu ɗaya ya ce Haruna ya ajiye, awo ɗaya tak, domin zuriya masu zuwa su gani. Littafinsa mai alamun hannunsa, da hoto, da riga ɗaya, sun isa tunawa. Sauran in sun rufa wa wani asiri, sun fi girmama shi da su ruɓe cikin akwati. Mu tuna da Dokas ta Yafa: da ta rasu, a hannun gwauraye aka ga rigunan da ta ɗinka, suna nuna wa Bitrus suna kuka (Ayyukan Manzanni 9:39).

Mu tsofaffi kuma mu yi wa 'ya'yanmu alheri, mu rarraba da hannunmu tun muna da rai. Mutumin da ya sa Ubangiji ya faɗi ayarmu ta haddacewa, rigimar gādo da ɗan'uwansa ce ta kawo shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Eliyashib ya ba Tobiya ɗakin? Ta wace ƙofa tarkace ya fi shiga gidanka, kunya, ko kwaɗayi, ko tsoro?
2. Mene ne bambanci tsakanin rumbunan Yusufu da na mawadacin Luka 12?
3. Cikin abu huɗu da Nehemiya ya yi, wanne mu ka fi mantawa? Me ya kan biyo baya?
4. Wace al'ada ta biki ko ta jana'iza a ikilisiyarmu ke ƙara wa mutane kaya da bashi?
5. In wuri ya samu a gidanka, wa za ka iya karɓa wanda ba ka iya karɓa yau ba?

Aikin mako

Kowane iyali su zaɓi wuri ɗaya, ko akwati ɗaya ne, su kasa shi kashi huɗu kafin Asabar. Abin bayarwa a wanke, a kawo ran Lahadi. Ƙungiya ta zaɓi mutum biyu amintattu, mace da namiji, su rarraba a ɓoye ga masu bukata, na cikin ikilisiya da maƙwabta, kafin wata Lahadin. Kada ya kwana a ɗakin ajiyar majami'a.

Addu'a

Ya Ubanmu, kai ne mai ba mu abincin kowace rana. Ka gafarta mana inda muka riƙe abin da ya kamata ya kai ga ɗan'uwa. Ka cire mana tsoron gobe, ka koya mana sanin abin da ya isa. Ka ba mu ƙarfin hali mu fitar da abin da ya tare wurinka a ɗakunanmu da zukatanmu, ka kuma cika wurin da addu'a da baƙi da salama. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.